An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Me Ya Kamata A Yi In Rumbun Bayanai Ya Cije?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta shiga kusan kowace harka ta rayuwar al'ummarmu. Ko a garin Wudil kaɗai, wanda ke da nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, mutum zai ƙirga wurare da dama da aikinsu ya rataya a wuyan wannan na'ura. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a shekarar 2001, aka kuma sa mata sunanta na yanzu a 2022, inda rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa suke bi ta cikin kwamfuta. Akwai makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Ga kuma babbar kasuwar shanu ta ranar Juma'a, inda fatake da yawa suka rage ɗaukar kuɗi a jaka, suka koma biyan ciniki ta wayar hannu ko ta wajen masu POS.

A bayan irin waɗannan hidimomi akwai abin da masana ke kira rumbun bayanai. Ma'aikaci yana aika masa tambaya, shi kuma yana mayar da amsa. To, amma wani lokaci tambayar takan tafi, amsa ta ƙi dawowa, allo ya daskare, ko kuma na'urar ta kori ma'aikacin gaba ɗaya. A irin wannan hali, a ko'ina cikin ƙasar nan, bayani ɗaya muka saba ji, shi ne "netwok ne", magani ɗaya kuma muka saba gani, shi ne "kashe ka kunna".

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa wannan ɗabi'a ta saɓa wa duk abin da muke koyarwa a ajin kimiyya, kuma tana jawo wa jama'a hasara. Na'urar da ta cije tana ɗauke da shaidar abin da ya same ta. Wanda ya yi gaggawar kashe ta kafin ya karanta shaidar, ya zama kamar likitan da ya yaga takardar gwajin jini sannan ya soma rubuta magani. Gano musabbabin matsalar kwamfuta aikin kimiyya ne tsantsa, kuma ya kamata ɗalibanmu su fara koyonsa tun daga makarantar sakandare.

Mene Ne Rumbun Bayanai?

Ɗauki rajistar aji a matsayin misali. Kowane ɗalibi yana da layinsa, kowane layi kuma an raba shi gurbi-gurbi: gurbin suna, gurbin lamba, gurbin shekaru da sauransu. Wannan shi ne jadawali. Idan aka tara jadawaloli da yawa, na ɗalibai da na darussa da na maki da na kuɗin makaranta, aka kuma ɗaure su da juna ta hanyar lambar ɗalibi, to an sami rumbun bayanai. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM a Amurka, shi ne ya shimfiɗa wannan tsari a wata maƙala da ya buga a 1970. A 1974 kuma wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da ake yi wa rumbun tambaya, wanda a yau ake kira SQL.

Shi rumbun ba ya zama a cikin kwamfutar da ke gaban ma'aikaci. Yana zaune ne a wata babbar na'ura da ake kira uwar garke, kuma makiyayi ya san dalilin wannan suna, domin ita ce sauran ke bi. Uwar garken tana iya kasancewa a ɗaki na gaba, tana kuma iya kasancewa a Legas ko a wata ƙasa. Kwamfutar ma'aikaci ɗan aike ce kawai. Lokacin da ma'aikaci ya shigar da sunansa da kalmar sirri, uwar garke takan buɗe masa abin da za mu kira zaman tambaya, ta ware masa wani yanki na ƙwaƙwalwarta, ta riƙa karɓar tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yana jiran amsa nan take. A kan na'urar AS/400 da IBM ta fitar a 1988 domin kamfanoni, da umarnin STRSQL ake buɗe irin wannan zama, kuma manhajojin Oracle da MySQL da PostgreSQL duk suna da nasu kwatankwacin haka.

Daga wannan bayani mai karatu zai ga cewa idan zaman tambaya ya mutu, waɗanda ake tuhuma sun kai biyar: kwamfutar ma'aikaci, hanyar sadarwa, uwar garke, ita kanta tambayar, da kuma bayanan da ke cikin rumbun. Abin da muke kira netwok ɗaya ne tak daga cikin biyar ɗin nan. Ke nan duk wanda ya ce "netwok ne" ba tare da ya bincika ba, ya yanke hukunci tun kafin a saurari shari'a.

Abubuwan Da Ke Kashe Zaman Tambaya

Na farko, tambaya marar linzami. A ce wata makaranta tana da jadawalin ɗalibai mai layi 20,000 da jadawalin maki mai layi 200,000. Ma'aikaci ya nemi a haɗa su, amma ya manta bai faɗa wa na'urar cewa ta haɗa kowane maki da mai shi ta hanyar lambar ɗalibi ba. Kwamfuta ba ta musu. Za ta haɗa kowane ɗalibi da kowane maki, wato 20,000 sau 200,000, wanda ya ba da layi biliyan 4. Kafin ta gama, ko dai wurin aikin wucin gadi ya cika, ko kuma uwar garke ta yanke zaman domin ta ceci sauran masu aiki. A nan hanyar sadarwa lafiyarta ƙalau, laifin yana cikin rabin layin da aka manta ba a rubuta ba.

Na biyu, kulle. Idan ma'aikaci yana gyara wani layi, rumbun yakan kulle layin domin kada wani ya taɓa shi har sai an gama. Idan ma'aikacin ya tashi ya tafi cin abinci bai kammala ba, duk mai buƙatar layin sai ya tsaya jira, shi kuwa abin da yake gani kawai shi ne allo ya daskare. Abin yakan fi muni idan ma'aikata biyu kowanne ya riƙe abin da ɗayan ke buƙata, kamar manyan motoci biyu da suka yi kiciɓis a lungun da ba ya ɗaukar biyu, babu mai gaba, babu mai baya. Rumbunan zamani sukan gane wannan cirko-cirko, su soke aikin ɗaya domin ɗayan ya wuce. Wanda aka soke nasa zai ce na'ura ta lalace, alhali kuwa aikinta ta yi.

Na uku, gurɓataccen bayani. Wani ya rubuta harafin O a inda ya kamata ya sa sifiri, ko ya shigar da 31 ga Fabrairu a gurbin ranar haihuwa, ko kuma lissafi ya kai ga raba wata lamba da sifiri. Tambayar za ta bi dubban layuka lafiya, tana isa wannan layi guda sai ta yi tuntuɓe. Alamar wannan ciwo ita ce kullum a wuri ɗaya take faɗuwa.

Na huɗu, cikar ma'aji. Faifan uwar garke yana da iyaka, kuma idan ba a share tarkacen aiki yakan cika. Alamarsa ita ce abin yakan shafi kowa da kowa, kuma ya fi tsanani lokacin da aiki ya yi yawa, kamar ƙarshen wata ko makon rajistar ɗalibai.

Na biyar, canji. An sabunta manhaja a daren jiya, ko an sauya izinin wani ma'aikaci, ko an ƙara gurbi a wani jadawali ba a sanar da kowa ba. Bahaushe na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya yi aiki jiya ya ƙi yi yau, lalle akwai abin da ya shiga tsakani.

Na shida, wuta da hanya da yanayi. A nan ne netwok na gaskiya yake. Ɗauke wuta, ko wayar da ɓera ya ci, ko ƙurar hunturu da ta toshe fankar na'ura, ko zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, kowannensu yana iya yanke zama. Alamarsu ita ce matsalar ba ta da wuri guda, kuma ba ta zaɓar tambaya.

Mai karatu zai lura cewa kowane ciwo yana da alamarsa, kuma kashewa da kunnawa ba ya warkar da ko ɗaya daga tushe. Yana iya sakin kulle, ko ya share wurin wucin gadi, aiki ya ci gaba na ɗan lokaci, amma gurɓataccen layin yana nan, tambaya marar linzami ma tana nan, gobe kuma za a sake.

Daɗin daɗawa, kashe uwar garke tana tsakiyar aiki yana da nasa haɗari. Tura kuɗi daga asusu zuwa asusu mataki biyu ne, cirewa daga nan da zubawa a can. Ƙa'idar rumbun bayanai ita ce ko dai a yi duka biyun, ko kuma kada a yi ko ɗaya. Masanin nan Ba'amurke Jim Gray ya sami lambar yabo ta Turing a 1998 saboda aikinsa a kan wannan fanni. Domin kiyaye wannan ƙa'ida, rumbun yakan rubuta abin da zai yi a wani kundi kafin ya yi, ta yadda in aka katse shi zai koma ya warware rabin aikin da ya fara. Idan aikin babba ne, warwarewar tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma mai gaggawar da ya ga shiru ya sake kashewa, ya ƙara wa kansa jira ne kawai.

Darussa Biyu Daga Ƙasarmu

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan magana ce ta ƙananan ofisoshi. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa da na majalisun tarayya, jami'an zaɓe sun yi ta ƙoƙarin ɗora hotunan sakamakon rumfuna a shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC. Na 'yan majalisa suna hawa, na shugaban ƙasa suna ƙi. Bisa ga rahoton da hukumar ta fitar a watan Fabrairun 2024, an tsara rumbun ne jiha-jiha, kuma kowace mazaɓar majalisa tana ƙarƙashin wata jiha, saboda haka manhajar takan tambayi rumbun, ta gane jihar, ta san inda za ta ajiye sakamako. Amma mazaɓar shugaban ƙasa ita ce ƙasar baki ɗaya, ba ta ƙarƙashin kowace jiha. Da manhajar ta nemi jiharta ta rasa, sai uwar garke ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Rahoton ya ce sai da aka yi gyare-gyaren gaggawa sannan sakamakon farko ya hau da ƙarfe 8:55 na dare.

Jam'iyyun adawa ba su gamsu da bayanan hukumar ba, kuma shari'ar zaɓen ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a watan Oktoban 2023 ta yanke cewa rashin aikin shafin bai isa ya rushe zaɓen ba, ko da yake ta lura cewa irin wannan yana iya rage amincewar masu jefa ƙuri'a. Ba siyasar lamarin ce ta dame mu a nan ba. Abin lura ga ɗalibin kimiyya shi ne alamar da ta bayyana tun da rana: na'ura ɗaya, hanya ɗaya, jami'i ɗaya, amma wani sakamako yana hawa wani yana ƙi. Wannan alama kaɗai ta isa ta sa mai bincike ya ɗauke ido daga hanyar sadarwa ya mayar ga bambancin da ke tsakanin sakamakon biyu.

Darasi na biyu ya fi kusa da ɗaliban sakandare. A watan Mayun 2025, bayan ƙorafi ya yi yawa a kan sakamakon jarrabawar shiga jami'a, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a ranar 14 ga watan ya amsa cewa an sami kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. An danganta abin da wani gyaran manhaja da bai sauka daidai a kan na'urorin da ke hidimar waɗannan yankuna ba, aka kuma sake wa ɗaliban jarrabawa. A nan ma tambayoyi biyu ne suka tona asirin matsalar: su wa abin ya shafa, kuma me aka canza? Da a ce an tsaya a kan cewa ɗalibai ne ba su yi karatu ba, da yara kusan dubu 380 sun tafi da makin da ba nasu ba.

Matakan Bincike

To, me ya kamata ma'aikaci ya yi? Ga matakai bakwai, kuma mai karatu zai ga cewa su ne dai matakan da ake bi a ɗakin gwaje-gwaje.

Mataki na 1: A rubuta saƙon kuskure harafi da harafi, tare da lambarsa da lokacin da ya fito, ko a ɗauki hoton allon da waya. "Ta ƙi yi" ba rahoto ba ne.

Mataki na 2: A tantance faɗin matsalar. Mutum ɗaya ta shafa ko kowa? Idan ma'aikacin ya koma wata kwamfuta, matsalar tana bin sa? Idan ta bi shi, a duba izininsa ko tambayarsa. Idan ta tsaya a kan tsohuwar kwamfutar, a duba ita da wayarta.

Mataki na 3: A gwada ƙaramar tambaya, kamar neman layi ɗaya daga ƙaramin jadawali. Idan amsa ta dawo nan take, hanya da uwar garke suna raye, an rage waɗanda ake tuhuma.

Mataki na 4: A buɗe kundin aiki. Kowace uwar garke tana rubuta abin da ya faru da ita da lokacinsa. A AS/400 kowane zama ma yana da kundinsa na kansa. Sau da yawa saƙon da ya fito a allo na ƙarshe ne a jerin saƙonni, ainihin musabbabin kuwa yana 'yan layuka a sama.

Mataki na 5: A tambayi me ya canza tun ranar da abin ya yi aiki na ƙarshe. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na 6: A raba matsalar biyu. Idan ana zargin gurɓataccen layi a cikin layi 1,000,000, ba sai an karanta su ɗaya bayan ɗaya ba. A gudanar da tambayar a kan rabin farko. In ta faɗi, layin yana ciki, in ba ta faɗi ba, yana ɗaya rabin. A sake raba rabin da ake zargi, a ci gaba a haka. Tun da 2 sau kanta har sau 20 ta ba da 1,048,576, gwaji 20 ya isa a kama layi ɗaya a cikin miliyan. Haka ake yi wa doguwar tambaya, a riƙa cire mata sassa har a ga wanda ke kayar da ita.

Mataki na 7: A canza abu ɗaya a lokaci guda, a kan kwafin rumbun in da hali, sannan a rubuta abin da aka yi da abin da ya biyo baya. Wanda ya canza abu uku tare, ko da aiki ya tashi, bai san wanne ne ya yi magani ba.

Muhimmancin rubutawa tsohon darasi ne a wannan fanni. A ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard a Amurka sun bi sawun wata matsala har suka tarar da wani ƙwaro mai fukafukai ya maƙale a cikin na'urar. Suka ciro shi, suka manna shi a littafin aikinsu, suka rubuta lokaci da wurin da aka same shi. Ana yawan ba da wannan labari domin ban dariyarsa, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne littafin. Mutanen da suke rubuta har ƙwaron da ya shiga na'ura, ba za su yi ta fama da matsala ɗaya shekara da shekaru ba.

Hujjar Masu "Kashe Ka Kunna"

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Ma'aikaci zai ce layi ya kai bakin titi, falke yana jiran kuɗin shanunsa motarsa na shirin tashi, shugaba kuma yana tsaye a kansa, ina lokacin bincike? Zai ƙara da cewa kashewa da kunnawa sau da yawa yana aiki. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Dawo da hidima ga jama'a shi ne kan gaba, kuma ko ƙwararrun injiniyoyi sukan sake tayar da na'ura idan abin ya kama. Bambancin shi ne ƙwararre yakan ɗauki minti biyu ya adana shaida tukuna, wato hoton saƙo da lokaci da jerin zaman da ke buɗe, sannan in an natsu ya koma ya nemi tushen abin. Minti biyun nan ba su kai rabin sa'ar da ake hasara duk mako a kan matsalar da ba a taɓa ganowa ba.

Wani kuma zai ce saƙonnin da Turanci suke, cike da lambobi, sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Amsa ita ce ba a nemi ya fassara ba, an nemi ya kwafa daidai. Ɗalibin da ya iya karanta ma'aunin zafi ya rubuta abin da ya gani, ya iya wannan.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, kuma a ganina ita ce ta fi ƙarfi, wato tsoro. Netwok ba shi da ofis, ba a kuma yi masa takardar tuhuma, saboda haka ɗora masa laifi ya fi sauƙi a kan a ce wane ne ya rubuta tambayar da ta kayar da na'ura. Matuƙar shugabanni suna hukunta wanda ya kawo rahoton kuskure, ma'aikata za su ci gaba da ɓoyewa, a bar jaki a yi ta dukan taiki. Shugaban da ke son na'urarsa ta daina cijewa, sai ya fara da tambayar me ya faru kafin ya tambayi wa ya yi.

Kira Ga Malamai Da Ɗalibai

A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin ta samar da likitoci da injiniyoyi nata na kanta, kuma kowa ya ga amfanin wannan hangen nesa. Buƙatar yau ta haɗa da matasan da za su kula da rumbunan bayanan asibitoci da bankuna da makarantu. Sai dai a darussan kwamfuta da yawa, ɗalibi yakan haddace sunayen sassan na'ura da ma'anar kalmomi, ya gama makaranta bai taɓa zama gaban saƙon kuskure ya nemi dalilinsa ba. Ina ganin ya kamata wannan ya canza, kuma canjin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Malamin da ba shi da kwamfuta ko ɗaya yana iya yanka kati 64, ya rubuta ranar haihuwa a kowanne, ya sa ɗaya ya zama 31 ga Fabrairu. Ɗalibi ɗaya ya zama uwar garke, aikinsa shi ne ya duba duk tarin da aka miƙa masa ya ce "na wuce" ko "na faɗi", ba tare da ya nuna katin ba. Sauran aji su nemo katin. Za su fara da miƙa ɗaya-ɗaya, daga baya su gano da kansu cewa da rabawa biyu-biyu gwaji 6 ya wadatar. Malamin da ke da tsohuwar kwamfuta kuwa yana iya ɗora mata SQLite, manhajar rumbun bayanai ce ta kyauta marar nauyi, ya gina jadawalin ajinsa, ya ɓata wani abu da gangan, ya bar ɗalibai su gano. Kowane ɗakin kwamfuta kuma ya ajiye littafi guda a bakin ƙofa, inda za a riƙa rubuta kowace matsala da ranarta da saƙonta da abin da ya warkar da ita.

Makarantun Wudil da na maƙwabtanta irin su Gaya da Garko suna da wata dama, domin ga jami'ar kimiyya da fasaha a kusa da su. Ina ba da shawarar ƙungiyoyin kimiyya na makarantu su riƙa gayyatar ɗaliban ilimin kwamfuta na jami'ar su zo su nuna wa ƙannensu yadda ake karanta kundin aiki, su ma hakan zai ƙara musu ƙwarewa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa zaman tambaya yana iya mutuwa saboda tambayar kanta, ko kulle, ko gurɓataccen bayani, ko cikar ma'aji, ko canjin da aka yi, ko kuma wuta da hanya, kuma kowanne yana barin alamar da mai lura zai gane. Mun ga kuma daga abubuwan da suka faru a 2023 da 2025 cewa kuskure ƙarami a cikin manhaja yana iya taɓa amincin zaɓe da makomar dubban ɗalibai. Saboda haka, ya kai ɗalibi, ranar da kwamfutar makarantarku ta cije a hannunka, ka janye yatsanka daga makunni, ka ɗauko biro da takarda, ka rubuta abin da ke kan allo da lokacin da ya fito, sannan ka tambayi na kusa da kai ko tasa tana aiki.